Yadda Na Fassara wa Baba Jifan Auta

Mu biyu ne maza a gidanmu, ni da Auta, shekara tara tsakaninmu. A Makka aka haife mu duka, a Utaibiyya, a hawa na uku na wani tsohon bene da matakalarsa ta cinye gwiwoyin mahaifinmu. Baba daga Kano ya zo tun yana saurayi, ya zauna, ya sami takarda, ya buɗe ɗan shago na tsarabar alhazai: dabino, carbi, sallaya, turare, jallabiya. Amma idan ka tambaye shi sana'arsa, ba shagon zai fara ambata ba. Mina zai ce maka. Shekara da shekaru yana yi wa tsofaffi da marasa lafiya wakilcin jifan Shaiɗan, tsakuwa bakwai-bakwai, kowace da kabbararta. Abin alfaharinsa a duniya shi ne bai taɓa karɓar tsakuwar wani ya jefa ta faɗi a waje ba. Ya sha gaya mana cewa jifan da bai je inda aka aike shi ba, ba a lissafa shi, sai an sake.

Da gwiwar ta ƙi, ni aka ciro daga makaranta aka zaunar a shago. Ba a tambaye ni ba. Ina shekara goma sha tara, ina son karatu kamar raina, aka miƙo min mukulli aka ce gobe da asuba za a kawo kaya. Tun daga ranar ni ne mai sauke katan, ni ne mai ciniki da hajiyoyin da za su zazzage maka shago su sayi carbi ɗaya, ni ne mai kai Baba asibiti. Shi kuwa Auta, da lokacinsa ya zo, Jidda aka tura shi koyon gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Ba zan ɓoye ba, abin ya tsaya min a wuya, kuma bai taɓa wucewa ba.

A Jidda ya haɗu da wasan. Wasu ma'aikata 'yan Filifin da 'yan Kudancin Amurka suna taruwa ranar hutu a wani fili suna buga besbol, ya tsaya kallo, ƙwallo ta gangaro wajensa, ya ɗauka ya mayar musu. Daga jifan nan ɗaya suka riƙe shi. Duk ƙarshen mako idan ya dawo gida sai ya ja ni saman bene bayan La'asar, ya sa min wata safar hannu ta fata mai faɗi kamar faifai, ya ce in tsuguna. Wallahi jifansa na farko sai da na yi zaton tafin hannuna ya tsage. Na zage shi, ya yi dariya, ya ce, “Yaya, sannu, ai a hankali na yi.”

A saman benen nan ya koya min wasan kaf. Mutum uku ne a tsakiya: mai jifa, mai sanda, da mai kamawa wanda ke tsugune a bayan mai sandar. Aikin mai jifa shi ne ya wuce da ƙwallo ta gaban mai sanda ta faɗa safar mai kamawa ba tare da sandar ta taɓa ta ba. Sau uku mai sanda ya rasa, ya fita. An fitar da uku, an canja, zagaye ɗaya ke nan. Idan kuwa mai sanda ya maka ta ta tashi sama, mai jifa ne ya ji kunya. Idan ƙwallo ta sami jikin mai sanda, wannan kuskure ne babba, kyauta ake ba shi ya wuce gaba. Na san duk wannan. Kusan shekara biyu ina tsugune ina kama masa, har na iya gane jifan da zai lanƙwasa tun daga yadda ya riƙe ƙwallon. Ina so a riƙe wannan da kyau: babu abin da ban sani ba.

Sai wani mai horarwa ya gan shi, aka gayyace shi wata ƙasa ta gaɓar Tekun Fasha inda aka kafa gasar ƙwararru, waɗanda wasan ne abincinsu. Gwaji za su yi masa, idan ya yi, su ɗauke shi kakar wasa gaba ɗaya. Takardar zaman Auta a ƙarƙashin ta Baba take, saboda haka izinin fita da dawowarsa a hannun Baba yake. Baba ya ba shi wata biyu. Ya ce, “Zan kalli wasa ɗaya da idona. Idan na ga kana da amfani a wurin, in ƙara maka kwanaki. Idan ban gani ba, ka dawo kafin takardar ta mutu, ka kama wa yayanka shago. Magana ta ƙare.” Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san abin da ake nufi da izinin mutum ya mutu yana waje: ƙofar dawowa ta rufe ke nan. Auta ya ce ya yarda. Ni kuma kalmar shago ita kaɗai na ji a duk maganar.

Ranar wasan saura kwana tara izinin ya ƙare. Auta ya kira da safe ya ce an gaya masa zai shiga, zagaye biyu za a ba shi a tsakiyar wasa. Na haɗa wayata da talabijin. Baba ya sa farar jallabiya kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya gayyato dattawa biyu daga masallacinmu da amininsa, wani tela Basakkwace da ke unguwar Jarwal, mutum mai baki kamar almakashinsa. Umma ta dafa gahawa, ta zauna bakin ƙofar ɗaki inda take hango rabin allon. Masu sharhi da Turanci suke magana, kuma duk falon ni kaɗai ne ke tsintar Turanci. Baba ya nuna min gefensa ya ce, “Zauna nan, kai ne tafintanmu.”

Wanda ya fara jifa a ƙungiyar su Auta wani jibgegen mutum ne mai gemu, kuma ranar ba tasa ba ce. Duk abin da ya jefa sai an maka shi. Ƙwal! ta tashi hagu. Ƙwal! ta tashi dama. Ɗaya ma sai da ta tsallake katanga ta faɗa cikin 'yan kallo. Filin na abokan hamayya ne, don haka kowane bugu sai wuri ya kaure da ihu da ganguna. Na ga mai gemu yana share zufa yana kallon ƙasa, na san an gama da shi.

Tela ya buga cinya ya ce, “Kai, wanga mai gemu gwani ne! Duk jifa sai ya samu sandar. Kun ji jama'a?”

Dattawan suka gyaɗa kai. Baba ya juyo gare ni, ya ce, “Wai ina aka ce su jefa? Sandar ce abin jifan?”

Ga gaskiya a bakina, gajeriya, ba ta fi numfashi ɗaya ba. Na dubi allon, na tuna katan arba'in na dabino da ke jirana gobe, na tuna bayana da ke ciwo tun watan jiya. Na ce, “Ita ce, Baba.”

“To,” in ji shi. “Ashe abu ne mai sauƙin ganewa.”

Ya gyara zama, ya ɗauko carbinsa ya riƙe don lissafi.

Aka cire mai gemu, falonmu ya yi ta mamakin yadda za a cire mutum yana tsaka da ƙoƙari. Tela ya ce hutu aka ba shi, ya cancanta. Sai ga Auta ya fito yana ɗan gudu, siriri, hular ta yi masa yawa. Umma ta ce, “Ga shi nan! Wayyo, ya rame.” Baba kuwa na ga leɓensa yana motsi.

Zan faɗi yadda ya yi wasa, don ban taɓa faɗa wa kowa a gidanmu yadda ya kamata ba. Mai sanda na farko wani ƙato ne da ya riga ya maka wa mai gemu sau biyu. Auta ya ɗaga ƙafa, ya saki. Kafin ƙaton ya motsa, ƙwallo tana cikin safa. Ta biyu ya kai mata sanda da dukkan ƙarfinsa, ya sami iska, har sai da ya juya kamar zai faɗi. Ta uku ita ce mai lanƙwasar nan da na sani, ta taho kamar za ta sami ƙirjinsa, ta karkata ta nutse. Ya rasa. Alƙalin wasa ya dunƙule hannu ya naushi iska, alamar an fitar da shi. Fili ya yi tsit. A raina na ce, kai, yaron nan! A lokaci ɗaya kuma wani abu baƙi ya taso min, na ji na tsane shi kamar ban taɓa tsanar mutum ba.

“Uku,” in ji Baba. “Babu ko ɗaya.”

“Ga alƙali ma ya husata,” in ji Tela. “Naushi yake kai ma iska.”

Mai sanda na biyu ya ɗan shafi ƙwallo ɗaya da gefen sanda, ta yi baya, ba ta da amfani. Baba ya ɗan miƙe ya ce, “Yauwa, ya fara.” Daga nan Auta bai sake bari ya taɓa ba. Na uku ko sandar bai ɗaga ba a jifan ƙarshe, ya tsaya yana kallo ta wuce. Ya juya ya buga hular kwanonsa da ƙasa. Masu sharhi suna ta ɗaga murya, ɗaya yana tambayar ɗaya daga ina aka samo wannan yaro, yana cewa bai ga hannu irin wannan ba duk gasar.

“Me suke cewa?” in ji Baba.

“Suna cewa sabo ne, a yi masa uzuri.”

“Dubi bawan Allah can,” in ji ɗaya daga cikin dattawan. “An tsayar da shi a rana, ba a ba shi komai ba. Dole ya yi fushi.”

Umma daga bakin ƙofa ta ce, “Ko tsoro ne ya kama Auta? Ai a gida yana da saiti.”

A zagaye na biyu ya fitar da mutum ɗaya kamar yadda ya yi wa na baya. Sai ƙwallo ta kuɓuce masa, ta sami mai sanda na gaba a cinya. Mutumin ya yar da sanda yana ɗingishi. Wannan ne kuskuren Auta ɗaya tilo a ranar, na ga ya cije leɓe ya taɓa hularsa alamar ban haƙuri. A falonmu kuwa Tela ya miƙe tsaye ya ce, “Allahu Akbar!” Dattawa suka amsa suna dariya. Tela ya ce, “Bai samu sandar ba, amma ya samu mai ita. A lissafa mai, Alhaji, a lissafa mai ko don tausai!” Baba ya ja ƙwayar carbi ɗaya. Bai yi dariya ba. Wuyansa ya kumbura, idonsa yana kan allon, kuma na san wannan fuskar tun ina ƙarami.

Auta ya fitar da sauran biyun, babu wanda ya ci komai a kansa. Ya sauko, abokan wasansa suka taso suna dukan bayansa, suna shafa kansa, mai horarwa ya rungume shi. Wani ne ya fito jifa a zagaye na gaba, kamar yadda aka tsara tun farko.

“Sun cire shi,” in ji Baba. “Wannan rungumar fa?”

“Lallashinsa suke yi,” na ce.

Baba ya ce a kashe. Aka kira Magariba, dattawa suka tashi suna cewa yaro ne, zai koya. Tela kuwa har a matakala muna jin muryarsa yana cewa ɗan gidan mai jifan Mina, ikon Allah.

Bayan mun dawo daga masallaci Auta ya kira. Baba ya sa a buɗe murya. Yaron yana haki, yana haɗa Hausa da Larabci kamar yadda yake yi idan murna ta kama shi. “Baba, ka gani? Ka gani? Sun ce za su ɗauke ni! Gobe za a kawo takarda in sa hannu!”

“Na gani,” in ji Baba. “Na tara mutane na gani. Jifa ashirin da wani abu, ka samu ɗaya, shi ma a cinyar mutum. Ni ka kunyata a gaban abokaina. Su ɗauke ka su yi me da kai, shara? Tattaro kayanka.”

“Baba, ba haka ake lissafawa ba! Ai ba a so a taɓa! Ba Yaya wayar, shi ya sani, shi zai gaya maka. Yaya! Yaya, kana ji?”

Baba ya miƙo min. Umma tana tsaye tana kallona. Na karɓa, na gyara murya, na ce, “Auta, ka yi haƙuri. Ka yi iya ƙoƙarinka, kowa ya gani.”

Na duba ko layin ya yanke. Ina jin hayaniyar abokansa a bayansa suna waƙa. Can ya ce, a hankali, “Yaya.”

Baba ya karɓe wayar ya ce, “Da idona na gani, yayanka kuma ya fassara min. Ko ƙarya yayanka zai yi min?”

A nan ne yaron nan ya fi ni. Da ya ce e, da ya tsira. Hujja tana hannunsa, mai horarwa yana gefensa, kowa zai iya yi wa Baba bayani. Amma a gidanmu ƙane ba ya ce wa uba yayansa maƙaryaci ne, kuma ni na san haka, da shi na dogara. Ya ce, “A'a, Baba.” Saura kwana biyu izinin ya mutu ya sauka a Jidda.

Ni na je ɗauko shi. Tun daga filin jirgi har Makka rediyo na kunna. Washegari ya zo shago da kansa, ya naɗe hannun riga, ya fara sauke katan. Ban ji kunya ba a lokacin, kada in yi wa kaina ado. Daɗi na ji. Bayana ya huta, na fara samun barcin rana, har na yi ƙiba.

Tela ya baza labari daga Jarwal har kasuwarmu. Suka sa masa suna Mai Jifan Iska. Mutum zai tsaya a ƙofar shago ya ce, “Auta, jefo min carbi ɗaya, amma bari in matsa, kada ka sami cinyata.” A yi ta dariya, ni ma in yi. Shi kuwa sai ya tako ya miƙa wa mutum a hannu. Ban sake ganin ya jefa komai ba, ko mukulli.

Hajjin da ya biyo baya mun sami izini mu biyu, muna aiki da wata tawagar alhazan gida a Mina. Wata tsohuwa 'yar garin su Baba ta kasa tafiya, ta ƙulle tsakuwoyinta a gefen mayafi, ta miƙa wa Auta don shi ne kusa da ita. Aka kira Baba a waya don su gaisa, ta gaya masa ɗansa ƙarami zai yi mata jifa. Muryarsa ta fito tar a cikin tanti, maza da mata suna ji: “Kul! Kada ki ba wannan, zai ɓata miki aikin Hajji. Ki ba babban.” Tsohuwa ta janye hannunta, ta miƙo min. Na karɓa. Auta ya sunkuya ya ci gaba da ɗaure jakunkunan mutane.

Daga ranar abin ya fara cina. Ba tuba ba ce irin ta malamai, haushi ne. Haushin yadda yake gaishe ni kullum da safe, yadda yake ce min Yaya, yadda bai taɓa ɗaga ido ya tambaye ni dalili ba. Da ya zage ni, da ya shaƙe ni a bayan shago, da na samu sauƙi. Ƙungiyar ta kira shi sau biyu, ta gaji ta daina. Kafaɗar da ake magana a kanta da Turanci ta koma ɗaukar katan daga mota zuwa shago.

Watannin baya na kasa jurewa. Wata Juma'a bayan an ci abinci, Baba yana kishingiɗe, Auta yana tattara kwanuka, na ce, “Baba, ina da magana. Ranar wasan nan ƙarya na yi maka.” Na ɗauko kofi na ajiye, na ce wannan mai kamawa ne. Na ɗauko cokali na ce wannan sanda ce. Na ɗauki ƙwallon dabino na nuna masa yadda ake so ya wuce cokali ya faɗa kofi. Na gaya masa mai gemu shi ne ya lalace, Auta kuwa babu wanda ya kai shi a filin nan. Na gaya masa abin da masu sharhi suka ce. Na gaya masa don shago na yi. Hawaye yana zuba min, ni da ban yi kuka ba tun ina yaro. Auta ya tsaya cak da kwanuka a hannu.

Baba ya saurare ni har na gama. Ya dubi kofin, ya dubi cokalin. Sai ya fashe da dariya, har da tari, har Umma ta leƙo.

“Wasan da ake biyan mutum don ya kuskure?” in ji shi. “Haba, ɗan nan. Ni za ka yi wa wayo? Shekara nawa ina jifa?” Ya share ido, ya kamo hannuna ya riƙe. Ya juya ga Auta ya ce, “Kai, kana gani? Har ƙarya ya ɗora wa kansa, har kuka, don ya rufa maka asiri. Ka gode wa Allah da ya ba ka wa irin wannan.” Ya matse hannuna ya ce, “Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka masu rufa maka asiri kamar yadda kake rufa wa ƙaninka.”

A gidanmu idan uba ya sa albarka, duk wanda ke wurin sai ya amsa. Umma ta amsa daga bakin ƙofa. Baba ya tsaya yana jiran Auta.

“Amin,” in ji Auta. Ya wuce da kwanukan kicin.